Shekarar da Na Faɗo Daga Tsani

Na san yadda ake ƙirga shekaru a gidan nan. Akan ce wane an yi mashi kaciya kafin Iya ta yi iska, wance an kai ta ɗaki bayan Iya ta warke. Ban taɓa tsawata wa kowa ba, don waɗanda suka fara faɗin haka ba da mugunta suka faɗa ba, abin da suka gani ne suka ba shi sunan da suka sani. Amma duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga shekarar, kuma ban so ku gaji maganar a karkace. Ban yi iska ba. Daga tsani na faɗo, ƙeyata ta bugi bakin turmi. Abin da ya biyo baya shi zan ba ku, musamman saboda Yayarku, wadda bakina bai taɓa kama sunanta ba tunda ita ce ta fari. Wannan kunyar ce ta hana ni zaunar da ita in yi mata bayani ido da ido.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Muna zaune a Dutsin-Ma, a babban gida, Alhaji Babba wan mahaifinku shi ne maigida. Mahaifinku, wanda nake ce wa Malam, yana awon hatsi a kasuwa tare da shi. Ni kuwa daddawa nake yi, sana'ar da na taso da ita daga gidanmu a Tamawa ta ƙasar Kurfi. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka wahalar tana wurin dafa kalwa da surfa ta, alhali waɗannan ƙarfi kawai suke so. Gwanintar tana wurin sanin lokacin buɗe kwando bayan an rufe dafaffiyar kalwa ta kwana biyu ko uku. In aka yi gaggawa ta fito lami, in aka makara ta zarce ta yi ɗaci. Hanci ne ke faɗa, kuma nawa ba ya kuskure. Tun daga bakin ƙofar ɗaki nake sanin ta yi. Mata daga unguwanni masu nisa sukan tsallake masu daddawa biyu uku su aiko gidanmu.

Wata rana da hantsi cikin bazara na kirɓa daddawa na mulmula, na ɗauki faifai zan hau soro in shanya saboda kaji da awaki. Yayarku tana barci a ɗaki, watanta goma sha ɗaya a duniya. Na kai matakin ƙarshe ke nan tsanin ya zame. Faɗuwar kanta ban tuna ta ba, har yau. Abin da na sani, na buɗe ido na ga matan gida tsaye a kaina ana yayyafa mani ruwa, wata tana tsince daddawa daga ƙasa. Sun ce suman bai daɗe ba, bai kai a tafasa ruwan kunu ba. Na yi amai sau biyu. Aka laluba kaina, ba jini, sai ƙululu kamar ƙwan zabo. Kowa ya yi hamdala, aka ce Allah ya taƙaita. Da la'asar ni na tuƙa tuwon gida, tunda ranar girkina ce.

Ƙululun ya sace cikin mako guda, daga nan kowa ya manta. Ni kuwa a lokacin abin ya fara. Kaina yakan yi nauyi kamar na ɗauko tulu ban sauke ba. In na duƙa shara sai tsakar gida ta juya da ni. Hasken rana ya zama abin gudu, ƙarar taɓarya kuwa sai in ji kamar a cikin kwanyata ake dakan. Nakan shiga ɗaki in tsaya ban san abin da ya kawo ni ba. Na sa gishiri sau biyu a miya, washegari ban sa ko ɗaya ba. Ni da aka sani da haƙuri, sai ga ni ina yi wa yaran gida tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, in koma ɗaki ina kuka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kukan 'yata. In ta tsala ihu sai in ji ina son in toshe kunne in fita da gudu, kuma ban iya gaya wa kowa haka ba, don wace uwa ce za ta faɗi wannan a saurare ta?

Na daɗe ban gane hancina ya tafi ba. Na rufe kalwa kamar yadda na saba, na yi ta jiran ta kira ni, shiru. Sai a rana ta huɗu matan gida suka ce wari ya hana su zama. Na buɗe kwandon na cusa fuskata ciki, ban ji komai ba, kamar na shinshina ruwa. Na ɗauko tafarnuwa na murje, na ɗauko man shanu, duk ɗaya. Kwando uku na zubar a jere kafin in daina.

Malam ya kai ni ɗakin shan magani. Malamin asibitin mutumin kirki ne, ya danna kaina ko'ina, ya duba idona, ya tambaya ko jini ko ruwa ya fito ta kunne. Na ce a'a. Ya juya wajen Malam ya ce:

"Malam, ƙashi bai fashe ba, ba rauni. Ni abin da na gani nake ɗaurewa, nan kuwa ban ga komai ba."

Ya ba ni ƙwayar ciwon kai. Da muka koma karo na biyu ya ce mu gwada babban asibiti a birni. Muka hau babbar mota, girgizar hanya ta sa na isa ban san inda nake ba. Likita ya duba ni ta bakin tafinta, ya sa na bi yatsansa da ido, na yi tafiya a kan layi, ya ce lafiyata lau, in huta kwana uku. Ban ga laifinsu ba, ko a lokacin. Iyakar abin da ke hannunsu ke nan. Sai dai maganarsu ta yi mani illar da ba su nufa ba, don da muka dawo aka ji likita ya ce ba ciwo, sai gida ya rabu biyu. Wasu suka ce ƙyuya ce da shagwaɓa, wasu suka ce tunda asibiti bai gani ba, to na ɓoye ne. Wanzami ya yi mani ƙaho a ƙeya. Na sha rubutu, shi kam yakan sanyaya mani zuciya. Aka lulluɓe ni da bargo aka yi mani hayaƙi, na fito ina layi. Duk wannan ana yi ina daka, ina ɗebo ruwa, ina goyo, don ba wanda ya ce in bari.

Da damina ta zauna, wata rana aka wuni ana ruwa. Na hura garwashi a kasko cikin ɗaki zan dama wa yarinya koko, ta yi barci a kan tabarma, na fito in ɗauko ludayi. Ina fitowa na manta. Ruwa ya tsagaita, gari ya yi duhu-duhu mai daɗi a ido, sai na zauna a dokin ƙofa na jingina na rufe ido, karo na farko cikin kwanaki da kaina ya lafa. A bayana gefen zanen da na rataye ya faɗa cikin kasko, wuta ta ci ta kama tabarma. Tsakanina da hayaƙin bai kai taku biyu ba, ban ji ba. Gwaggonku Rabi, ƙanwar Malam da ke aure a Dabawa, ta zo ganin gida a ranar. Tun daga zaure ta ji ƙauri, ta yar da kayanta, ta tsallake ni ta shiga ta sunkuto yarinyar. Tabon da ke ƙaurin ƙafar Yayarku ta hagu na ranar ne. Wannan shi ne gaskiyar maganar da na san an taɓa gaya mata, wai uwarta ta sa mata wuta tana zaune tana kallo. Ina zaune, haka ne. Ban gani ba, ban ji ba.

Bayan wannan Alhaji Babba ya tara mutanen gida. Bai yi faɗa ba, mutum ne mai tausayi, amma ya yanke cewa abin ya wuce magani na gida. Ya ce ko a kira masu garaya su yi mani girka, duk da shi ba ya son harkar, ko a kai ni wurin wani mai maganin taɓin hankali da ake labari a yamma, inda ake sa wa marasa lafiya mari a ƙafa. Malam bai iya musu da wansa, sai ya roƙi a jira a sanar da iyayena tukuna. Ya hau keke da kansa ya tafi Tamawa.

Baffa, mahaifina, ya zo bayan kwana biyu. Makiyayi ne da ya zauna ya kama noma, ba mai yawan magana ba. Bai fara da zauren maza ba, ɗakina ya shigo ya sauke asabari, ya zauna nesa da ni ya yi ta tambayata a hankali. Shi ne mutum na farko da ya tambaye ni ko kafin faɗuwar na taɓa jin ɗaya daga cikin abubuwan nan. Na ce ko kusa. Ya tambayi abin da ke tayar da ciwon da abin da ke kwantar da shi. Sannan ya fita wurin Alhaji Babba, ina jin su ta katanga. Ya ba su labarin wani ƙanensa da bijimi ya taɓa make wa kai suna samari, bai zubar da jini ba, amma ya shekara yana fushi da mantuwa, aka bar shi a ruga ba hayaniya har ya dawo daidai. Ya ce:

"Alhaji, ni ban yi karatu ba. Amma in aka girgiza ƙwaryar nono, ƙwaryar ba ta fashe ba, na ciki ne ya hautsine. Ba a ƙara mata kiɗa, ajiye ta ake yi. Ku ba ni ita in kai ta inda ba a daka kusa."

Alhaji ya ce Baffa ya fi shi iko da ni. Sai maganar yarinya ta taso. Kowa ya ɗauka da ita zan tafi, tunda ba ta isa yaye ba. A nan nake son ku saurara da kyau, don an sha cewa ƙwace ta aka yi, wasu kuma suka ce kunyar ɗan fari ce ta sa na bayar. Ba ɗaya. Ni na aika aka kira Rabi. Shekararta goma da aure Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun ranar gobarar ita ke wanke ƙunar tana shafa magani. Na ce mata:

"Rabi, ina tsoron kaina a kan yarinyar nan. Hannuna ba abin yarda ba ne yanzu. Ki riƙe mani ita har in dawo."

Ta ce, "Yaya, ba ta isa yaye ba."

Na ce, "Na sani. Gara ta yi kukan nono da ta sake shan hayaƙi."

Da safe na ba ta nono na ƙarshe, Rabi ta goya ta suka kama hanyar Dabawa. Ni kuma Baffa ya ɗora ni a jaki, ya ƙi mota. Tafiyar wuni guda muka yi ta a kwana biyu, muna tsayawa duk inuwar da na ce.

Zan gaya maku abin da zai ba ku mamaki. Watannin da na yi a Tamawa suna cikin mafi daɗin rayuwata, ban da kewar 'yata da ciwon nono na makon farko. Baffa ya gyara mani wata bukka a ƙarshen gida, bayan rumbuna. Inna, mahaifiyata, ta kwashe turame ta kai can gindin tsamiya, ta ce duk mai daka ya je can. Makonni uku ban yi komai ba sai barci da salla da shan fura. Ba a kawo mani 'yan dubiya. Bayan nan Inna ta fara kawo mani wake a faifai in tsince tsakuwa, ta ce da na ji kai ya fara nauyi in ajiye, ko da tsinta uku na yi. Ba wanda ya koya mata wannan. Daga wake muka koma kaɗi, daga kaɗi zuwa saƙar faifai. Baffa kuma yakan fita da ni da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, yau zuwa bakin shinge, gobe zuwa rijiya, har muka kai garke. Yakan nuna mani shanunsa ya faɗi sunan kowace da ta haife ta, washegari ya ce in maimaita. In na ɓata sai ya yi dariya ya ce saniyar ba ta ji haushi ba. Ranar da na jero su duka ba kuskure, da muka dawo ya sa aka yanka zabo.

Ba kullum ake ci gaba ba. Lokacin girbi na ji ƙarfi na bi mata sussuka wuni guda, na kwanta kwana biyar. Daga nan na koyi tsayawa kafin ciwo ya tsayar da ni, kuma da wannan na rayu har yau. Malam yakan zo a keke duk bayan mako biyu, ya biya ta Dabawa tukuna don ya kawo mani labari: ƙunar ta warke, ta fara tafiya, ta ce "ruwa". An sha ba shi shawara ya sawwaƙe mani ya huta. Ban ji wannan daga bakinsa ba, sai bayan rasuwarsa Rabi ta gaya mani. Shi dai yakan zauna bakin bukka ya yi ƙasa da murya, wanda ba halinsa ba ne, mutumin da ya saba kiran masu saye a kasuwa.

Na koma Dutsin-Ma da ɗorawa ta sake nuna. Jiri ya tafi, fushi ya tafi, mantuwa ta ragu sosai. Hanci ne bai dawo ba, kuma bai dawo ba har yanzu, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Alhaji Babba da kansa ya sa aka mayar da ɗakina kusa da garka, nesa da madafa, ya kuma ce kada a sake barina da wuta ni kaɗai. Ban ji zafin wannan ba, daidai ne. Daddawa kuwa na koma mata ta wata hanya. Na koyi cusa hannu cikin kwando in ji ɗuminta, in murza kalwa tsakanin yatsu in ga yauƙinta, in duba yadda launinta ya juya. Shekara ta farko na yi ɓarna, daga baya hannuna ya kama. Da ita na yi wa matan cikinku kayan ɗaki, kuma yawancin masu saye ba su taɓa sanin mai yin ba ta jin warin abin da take sayarwa ba.

Mako guda da dawowata muka tafi Dabawa ɗauko yarinya. Na same ta a tsakar gida tana bin 'yan tsaki, ta yi ɓulɓul, an yi mata kitso. Na durƙusa na miƙa hannu. Ta dube ni, ta ruga ta ɓuya bayan zanen Rabi tana ce mata Inna. Rabi ta riga ta ɗaure kayan yarinyar a ƙunshi, ta ajiye bakin ƙofa. Ta yi ta ɓanɓare 'yan yatsun yarinyar daga zanenta tana turo ta wurina, idonta ya yi ja. Na kwana biyu a gidan ko za ta saba. Ta yarda ta karɓi ƙosai a hannuna, amma barci sai a bayan Rabi. Na zauna na yi tunani. An raba ta da uwa sau ɗaya tana kuka, ba da laifinta ba. In na ɗauke ta, na raba ta da uwa sau biyu ke nan, kuma na bar matar da ta shiga wuta dominta da ɗaki wayam. A rana ta uku na kwance ƙunshin da hannuna na mayar da kayan cikin adakar Rabi. Malam ya tambaye ni a hanya ko na tabbata. Na ce ban tabbata ba, amma na yi.

Kada ku ɗauka bai yi mani ciwo ba. Na haife ku, ku shida, bayan haka, kowa na goya shi har yaye, amma duk sallar da aka kawo ta gaishe ni ta durƙusa daga nesa kamar baƙuwa, sai na shiga ɗaki na ɗan jima. Duk da haka ban yi nadama ba. Rabi ta yi mata tarbiyyar da ban isa in yi fiye da ita ba, kun kuwa ga irin matar da ta zama.

Da aka yi mata aure ta samu ciki na fari, kowa ya san Dabawa za ta je wankan jego, can ne gidansu. Ni ma haka na sani, har na fara haɗa yaji da kanwa zan aika. Sai ga Rabi wata rana da hantsi ta yi sallama, Yayarku na biye da ita da tsohon ciki, an ɗauko masu kaya. Rabi ta zauna ta sha ruwa, sannan ta ce:

"Yaya, kin ce in riƙe maki har ki dawo. Na daɗe ban mayar ba. Wannan karon ke za ki yi."

A ɗakina Yayarku ta haihu. Kwana arba'in ina tashi da asuba in dafa ruwa in yi mata wanka da ganye, in dama kunun kanwa, Rabi na zaune gefen murhu tana lura mani da wuta. Ba mu yi wata doguwar magana da Yayarku ba, ni da kunyata, ita da tata. Amma a cikin kwanakin nan, wata safiya ina gasa mata baya, ta ce ruwan ya yi zafi, ta kira ni Iya ba tare da ta yi tunani ba. Na ƙara ruwan sanyi, na ci gaba da wankan.